GWAJIN MAGANI A KAN YARA MASU CIWO MAI TSANANI: INA AMFANI, INA AMANA?

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ƙungiya ya gabatar a taron ƙarshen wata a Hausari, Maiduguri. Mun buga shi yadda ya faɗa.)



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayawa Mai kashewa, Mai ba da lafiya ga wanda Ya so. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, iyayenmu malamai, masu unguwanni, abokaina 'yan kasuwa, iyaye mata da ke can baya suna saurare, da ku samari manyan gobe, ina yi muku barka da zuwa. Allah Ya ba da ladan zumunci.

Kwamiti ya ɗora mini in yi magana a kan ɗakin nan na asibiti da ake kwantar da yaran da ciwo ya ci ƙarfinsu, da kuma binciken da likitoci ke yi a kan yadda za a cece su. Ni dai kun san ni, ɗan kasuwa ne. Abin da zan faɗa na tattaro shi ne daga bakin 'ya'yanmu likitoci da nas-nas, da abin da aka buga duniya ta sani. In kun ji gyara, ga su nan zaune, sai su gyara.

Likitoci suna ce wa wannan ɗaki ɗakin kulawa ta musamman. Mu kuwa mun raɗa masa suna, wai ɗakin gobe-da-nisa. Sunan kaɗai ya isa ya nuna yadda muka ɗauke shi. Da an ce za a shigar da yaro can, sai uwa ta ɗora hannu a ka. In kuwa aka miƙo takarda aka ce a sa hannu, sai uba ya ce a ba shi ɗansa ya tafi gida, ba zai yarda a yi gwaji da shi ba. To, wannan tsoro yana da asali, kuma zan faɗi asalinsa. Amma bari mu fara da shi ɗakin.

ASALIN ƊAKIN

A shekarar 1952 annobar shan-inna ta faɗa wa birnin Kofanhegan na ƙasar Danmak. Cutar takan kama naman da ke motsa ƙirji, sai numfashi ya gagara. Daga cikin mutum 31 na farko da ta kama ta haka, 27 suka rasu. Sai wani likita mai suna Ibsen ya ce a huda maƙogwaro a sa roba, a riƙa hura wa majinyaci iska da wata jakar roba. Babu isassun injuna, don haka aka ɗebo ɗaliban likitanci wajen 1,500, suna karɓa-karɓa dare da rana, kowa na matsa jaka da hannunsa, wani yaron har makonni. Mace-mace suka ragu ƙwarai. Daga nan aka gane cewa in aka tara masu tsananin ciwo wuri guda, aka sa musu ido ba ƙyaftawa, da yawa za su tashi.

Kun ga ke nan tushen ɗakin shi ne sa ido. Nas ɗaya tana kan yaro ɗaya ko biyu, tana duba numfashi, da bugun zuciya, da fitsari, da sukarin jini, sa'a bayan sa'a. Injuna daga baya suka zo. Kuma an gano hakan ne don wani ya gwada abin da ba a saba ba, aka ƙirga sakamako.

YADDA AKE GWAJI

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Manomin da aka kawo wa sabon irin gero ba ya yarda da bakin mai sayarwa. Yakan raba gona biyu, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, ya shuka tsohon iri nan, sabo can, da kaka ya ƙirga dami. Haka likitoci ke yi. In akwai magani biyu, ba a tabbatar da wanda ya fi ba, sai a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi masu sauƙi ya ba su wanda yake so. Sannan a naɗa wasu masana na daban, waɗanda ba su da riba a ciki, suna leƙa lissafi. Da sun ga ɓangare ɗaya na cutuwa, sai su tsayar da aikin. Bari in kawo misali uku, dukkansu sun shafe mu.

Na farko, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ke sa yaro jijjiga da suma da ƙarancin jini. Kun san yadda gadajen yara ke cika a garin nan daga Agusta zuwa Oktoba. Shekara da shekaru kwinin ake sa wa irin waɗannan yara a cikin ƙarin ruwa. Daga 2005 zuwa 2010 aka yi gwaji a ƙasashen Afirka 9, har da asibitin koyarwa na Ilori a nan Nijeriya, da yara 5,425. Rabi aka ba su kwinin, rabi aka yi musu allurar atesunet, wadda asalinta daga wani ganye ne na ƙasar Sin. Da aka ƙirga, a cikin kowane yaro 1,000 da aka ba kwinin, 109 sun rasu. A ɓangaren atesunet kuwa, 85. Yaro 24 ke nan a kowane dubu. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a koma atesunet. Jama'a, duk wanda aka yi wa ɗansa wannan allura ya tashi, to ya ci albarkacin iyayen Ilori da na sauran ƙasashe da suka ce sun yarda.

Na biyu ya fi ban mamaki, domin ya taɓa abin da muka fi ƙauna, wato ƙarin ruwa. Mu dai in aka kai yaro asibiti ba a rataya leda ba, sai mu ce ba a yi masa komai ba. Su ma likitoci a Turai da Amurka sun daɗe suna koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaita, hannu da ƙafa suka yi sanyi, a ɗura masa ruwa mai yawa ta jijiya cikin hanzari. Da an yi haka sai a ga yaro ya ɗan farfaɗo, kowa ya ce madalla. Sai aka gwada a asibitoci 6 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, da yara fiye da 3,100. Wasu aka ɗura musu ruwan da sauri, wasu aka ba su a hankali gwargwadon buƙatar jiki. Bayan kwana biyu, a kowane 1,000 na waɗanda aka ɗura wa da sauri, kimanin 105 sun rasu, a ɗaya ɓangaren 73. Masu leƙa lissafi suka tsayar da gwajin a farkon 2011 tun bai ƙare ba. Su kansu masu binciken sun shiga aikin ne da zaton za su tabbatar da amfanin ɗurin, sai ƙidaya ta nuna musu akasi. Da ba a ƙirga ba, da har yau ana yi, ana ganin taimako ne.

A nan sai in ja kunne. Wannan bincike bai haɗa da masu gudawa da amai ba. Yaron da kwalara ko zawo ya tsotse, ruwa shi ne ransa, kuma da gaggawa. Abin da nake so mu ɗauka shi ne, in likita ya ce wannan yaro ba ya son ruwa da yawa, kada mu matsa, kada kuma mu zagaya mu kira mai kemis ya rataya masa a gida.

Na uku, iskar oksijin. Akwai ɗan abin awo da ake maƙala wa yaro a yatsa, ya nuna lamba. In ta yi ƙasa da 90, jininsa na yunwar iska, ko da ido bai gani ba. A ƙasar Fafuwa Niyu Gini aka sa wannan awo da injin tace iska a asibitoci 5, sakamakon ya fito a 2008: mutuwar yara masu ciwon nimoniya ta ragu da kashi 35 cikin 100. Injin kuwa wuta yake ci. Mu da muka ga yadda garin nan ya yi watanni babu wutar gwamnati a 2021, bayan an karya turakun layin Damaturu, muka kuma ga ruwan Alau ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri a ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, ya ɓata kayan aiki, mun san abin da ake nufi in an ce iska ta yanke.

ABIN DA YA FARU A KANO

To, yanzu ga asalin tsoronmu. Da yawanmu nan Kano ce tushe, kuma wasu sun ga abin da idonsu. A bazarar 1996 sanƙarau ya ɓarke a Arewa, ya kashe mutum fiye da 11,000 a ƙasar nan. Asibitin Zana ya cika ya batse, majinyata har ƙasa. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya zo da sabon magani mai suna Trovan, ya gwada a kan yara wajen 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen magani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗaya ɓangaren. Wasu suka tashi da kurumta, wasu da shanyewar jiki.

Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, kuma ba a gaya musu cewa a cikin asibitin nan akwai likitocin agaji na MSF da ke ba da maganin da aka saba ba. Kamfanin ya ce an nemi yardar iyaye da baki, kuma cutar ce ta yi kisa da naƙasa, tunda sanƙarau ya saba haka. Jaridar Washington Post ta tono maganar a ƙarshen 2000. Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda ya ce an yi gwajin ba bisa ƙa'ida ba. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011, shekara 15 bayan abin, aka fara biyan iyalai huɗu na farko.

Ku lura da kyau. Ko da a ce maganin bai kashe kowa ba, an taɓa amana, domin iyaye sun fita daga asibitin nan ba su san abin da aka yi da 'ya'yansu ba. Kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, kuma labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Ba a dawo ba sai Yulin 2004. Kafin nan cutar ta bazu ƙasashe da dama, daga baya har Indunusiya. Ragowarta ta ƙarshe a nan Borno aka same ta, a Gwoza da Jere, a 2016, kuma sai a Agustan 2020 aka ce Afirka ta rabu da ita. Yaran da suka shanye a tsakanin nan ba su san Asibitin Zana ba, amma su ma sun biya kuɗin amanar da aka taɓa.

HAƘƘINKA A GABAN LIKITA

Yau akwai doka. Tun 2007 ƙasar nan take da ƙa'idar binciken lafiya, kuma asibitocin koyarwa suna da kwamitin da sai ya amince kafin a fara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ba a bincike a kan mutum sai da yardarsa a rubuce, in yaro ne da yardar iyayensa. Dokar nan kuma ta hana asibiti ya ƙi karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Sannan mu rarrabe. Yawancin takardun da ake miƙo mana na izinin ƙarin jini ne, ko tiyata, ko ɗibar ruwan ƙashin baya don a gane ko sanƙarau ne. Wannan aikin jinya ne na yau da kullum, ba ruwansa da gwaji. In kuwa bincike ne, wajibi ne a faɗa maka. Mu 'yan kasuwa ba ma sayen buhu a ɗaure, to ka tambaya, da Hausa ko da Barbarci, harshen da kake ji:

Wannan magani ne da aka saba, ko gwaji ne? Wa ya kawo binciken, wa ya ba da izini? In na ce a'a, wane magani za a ba ɗana? Wace illa ake tsoro, kuma in ta faru wa zai ɗauki nauyi? In na yarda yau, gobe na fasa, zan iya janyewa? Wa zan nema in ina da ƙorafi?

Mai bincike na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Zai ce maka ƙin yarda ba zai rage wa ɗanka kulawa ba, zai ba ka kwafin takarda ka riƙe, in ba ka karatun boko a kawo shaida a karanta maka. In ciwon ya yi tsananin da babu lokacin dogon bayani, akan nemi yardarka da baki a taƙaice, in yaro ya natsu a dawo a yi maka cikakke. Haka aka yi a gwajin ƙarin ruwan da na ambata. Wanda ya ce sa hannu kawai, ba lokacin surutu, to wannan ka nemi babban likita. In ka gamsu ka yarda, ina fatan Allah Ya sa sadaka ce mai gudana. In ba ka gamsu ba ka ƙi, ba ka yi laifi ba. Abu ɗaya ne nake roƙo: ka ƙi binciken in ka ga dama, amma ka bar yaron a gadonsa. Cire masa robar iska a saɓa shi a kafaɗa a tafi gida, wallahi yara da yawa ba sa kai wa ƙofar gida.

NAMU LAIFIN DA NAMU AIKIN

Likitocinmu suna cewa yawancin yaran da ke rasuwa a asibiti, a kwana ɗaya ko biyun farko suke rasuwa, saboda an kawo su a makare. Ku duba yadda muke yi. Kwana biyu ana jiƙe-jiƙe, kwana biyu ana kemis, ranar biyar yaro ya sanƙame, sannan a nemi Keke Napep. In ya cika a can, sai a ce ai ɗakin ne ba a fita. Mu muka ba ɗakin nan sunansa da irin lokacin da muke zuwa.

Iyaye mata, ku riƙe waɗannan alamu. Yaro ya kasa kama nono ko shan ruwa. Duk abin da ya ci sai ya amayar. Jijjiga. Barcin da ba a iya tashinsa. Numfashi sama-sama, ƙasan haƙarƙari na lotsawa ciki. Tafin hannu ya yi fari fat. Wuya ya sanƙare. Ƙafa biyu sun kumbura. Ko ɗaya aka gani, asibiti, ko tsakar dare ne. Mai jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa komai a baki, kada a turara masa hayaƙi, shaƙewa zai yi. Addu'a kuwa a yi ta tun daga gida har gadon asibiti. Malamanmu ga su nan, sun sha karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali.

Mu kuma maza, ga tamu. Mu matafiya ne. Yau kana Kasuwar Monde, gobe Gamboru, jibi Kano. Yaro na jijjiga, uwa na kuka, waya ba ta shiga, ita kuma ba ta fita sai da izini. Don Allah kowa in ya koma gida yau, ya tara iyalinsa ya ce: na ba da izini tun yanzu, in kun ga ɗaya daga cikin alamun nan ku tafi, kada ku jira ni. Ya kuma ajiye kuɗin mota a inda uwargida ta sani.

Daga ƙarshe, ina gabatar wa ƙungiya shawara huɗu, shugaba ya sa a tattauna.

Ɗaya, a buɗe littafin masu ba da jini. Samari su je a auna rukunin jininsu, a rubuta suna da unguwa, sakatare ya riƙe. Yaron da zazzaɓi ya shanye wa jini ba ya jiran a zagaya dangi.

Biyu, a ware asusun gaggawa daga kuɗin wata-wata, a hannun mutum biyu amintattu, a ba da rance ba tare da dogon zance ba, a yi lissafi daga baya.

Uku, kowace unguwa a san mai mota ko mai Keke ɗaya da za a buga wa ƙofa da dare, ƙungiya ta biya shi.

Huɗu, a zaɓi 'ya'yanmu masu ilimin boko, maza da mata, waɗanda za su raka duk wanda aka miƙa wa takarda, su karanta masa, su yi tambayoyin nan a madadinsa. In hali ya samu kuma, mu haɗa hannu da sauran ƙungiyoyin garin nan, mu da 'yan'uwanmu Barebari da Shuwa da Babur da kowa, mu saya wa wani ɗakin yara injin iska da faifan hasken rana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gadon asibiti ba ya tambayar yaro ƙabilarsa.

Borno ta karɓi kakanninmu da suka zo neman karatu da fatauci, ta ba mu wurin zama. 'Ya'yan da muka haifa a nan amana ce a wuyanmu, kuma za a tambaye mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Waɗanda suka riga mu, Allah Ya jiƙansu, ƙananan Ya sa masu ceto ne. Allah Ya saka wa likitoci da nas-nas masu kwana a tsaye da alheri. Allah Ya ja zamanin Mai Martaba Shehun Borno, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Abin da na faɗa daidai Allah Ya ba mu ladan baki ɗaya.